Awannin Inji da Tarihin Cinikin Tsofaffin Jiragen Ruwa

A kasuwar jiragen ruwa na hannu a Amurka da Turai, tambayar da mai saye ke fara yi ita ce awa nawa injin ya yi. Akwai 'yar mita a gaban matuƙi mai ƙirga lokacin da inji ya shafe yana aiki, kuma dillalai sun daɗe da wani ƙiyasi: injin fetur yakan nemi garambawul idan ya kai awa 1,500, na dizal kuwa yakan kai 5,000 ko fiye. Da wannan lissafi ake karya farashi, da shi kuma ake guje wa jiragen da ba su da laifin komai. Sai dai wanda ya bi tarihin sana'ar zai ga cewa yawan aiki bai cika kashe inji ba. Zama da sakaci da rashin kayan gyara su ne ajalinsa.

Tun farkonta sana'ar a kan gyara ta ginu. A 1909 Ole Evinrude, haifaffen Norway da ya zauna a Milwaukee ta jihar Wisconsin, ya fara sayar da ƙaramin injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Hikimarsa ita ce mutum ɗaya zai iya cire shi, ya kwance shi, ya mayar. Shekaru talatin bayan haka, a 1939, Carl Kiekhaefer ya sayi wata masana'anta da ta durƙushe a Cedarburg, ya tarar da injuna kimanin 300 da aka ƙi karɓa saboda ba su aiki. Ya gyara su ya sayar, kuma daga nan kamfanin Mercury ya samo asali. Wato ɗaya daga cikin manyan sunayen wannan harka ya tashi ne daga kayan da wasu suka riga suka yanke wa ƙauna.

Kasuwar na hannu ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da faiba ta maye gurbin katako. A da, gangar jirgi ce ke riga inji mutuwa, domin katako yana ruɓewa idan ba a bi shi da fenti da toshe-toshe kowace shekara ba. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 masana'antu suka koma zuba jirage da faiba, wadda ruwa ba ya ci. Sai abin ya juya: ganga ta shekara arba'in tana nan, inji ya zama abin da ke tsufa. Jirage suka riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu, mai saye kuma yana neman adadi guda da zai dogara da shi. Ya samu a mitar awa, kamar yadda mai sayen mota ɗan Kwatano ke leƙa kilomita.

Amma adadin yana ɓoye fiye da abin da yake nunawa. Jirgin shaƙatawa a Amurka yakan yi awa 50 zuwa 100 ne a shekara, sauran lokacin yana ɗaure, musamman a jihohin da ruwa ke daskarewa da hunturu. A wannan zaman ne fetur ke lalacewa ya bar danƙo a kafireta, 'yar farfelar roba mai tura ruwan sanyaya inji ta bushe ta tsage, gishirin teku ya daskare a hanyoyin ruwa, danshi kuma ya sa tsatsa a cikin silinda. Man Amurka da ake gauraya masa sinadarin etanol kashi 10 cikin 100 yana ƙara jawo ruwa cikin tanki. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Injin da ke fita kullum yana ɗaukar zafi sosai, mai yana zagaya shi, kuma mai shi yana jin canjin ƙararsa tun matsala ba ta yi nisa ba.

Hujja mafi ƙarfi tana Afirka ta Yamma. Masuntan Ghana sun fara ɗora injuna a kan kwale-kwalensu tun wajajen 1960, shekarar da kamfanin Yamaha ya fito da injinsa na kwale-kwale na farko. Daga baya kamfanin ya ƙera samfurin Enduro musamman domin masu aikin yau da kullum a wuraren da mai ba shi da tsabta kuma gareji ke da nisa. Irin waɗannan injuna, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai, su ne ke jan fasinja da kifi a tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, da Yauri, da Baga a bakin tafkin Chadi. A cikin 'yan makonni suna yin awannin da jirgin shaƙatawa ke yi a shekara, ba su da mita ma, amma suna shekaru suna aiki, saboda bakanike a bakin ruwa ya san cikinsu, fulogi da zobban fistan kuma suna kasuwa.

Wani zai ce ƙarfe dai ƙarfe ne, dole ya cinye, kuma araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma cinyewar ana iya auna ta. Mai dubawa yakan cire fulogai ya gwada matsin kowace silinda. Idan bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, cikin injin lafiya lau yake. Yakan kwance ƙusar giya ta ƙasa ya tsiyayo mai: idan ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, idan da ɓarɓashin ƙarfe, haƙora sun fara ci. Yakan kama injin ya girgiza ya ga ko bangon baya yana lanƙwasa, ya bi shi da ƙaramar guduma, domin a tsakiyar faibar akwai katako, kuma idan ya jiƙe sautinsa yakan mutu. Takardun sabis da wannan gwaji sun fi mita faɗin gaskiya.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ina amfanin inji mai lafiya idan kayan gyaransa sun ɓace? Dokokin hana gurɓata iska da Amurka ta fara aiwatarwa daga 1998 sun kori tsofaffin injuna masu hayaƙi daga kasuwarta. Kamfanin OMC, mai ƙera injunan Johnson da Evinrude, ya karye a Disamba 2000, kuma a 2020 aka daina ƙera Evinrude baki ɗaya. Sababbin injuna suna da kwamfuta a ciki, wadda ke adana awanni da irin gudun da aka yi, amma ba kowane bakanike ke da na'urar karanta ta ba. Wannan ƙorafi bai rushe hujjar ba, ƙarfafa ta ya yi: inji yana rayuwa ne gwargwadon gyaran da zai samu a inda yake.

Saura batun rai. Hatsarin watan Mayu 2021 kusa da Warrah a jihar Kebbi, inda jirgi ya rabe gida biyu ɗauke da fasinjoji sama da 150, ya sa mutane da yawa suna ɗora laifi a kan tsufa. Abin da ya gaza a ranar ganga ce da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta, abin da babu mitar da ke ƙirgawa. Don haka wanda zai sayi tsohon jirgi ya fara da gangar, ya gwada injin a kan ruwa da kaya, ya tambayi wane ne zai gyara shi a garinsu, sannan ya ware kuɗin garambawul tun kafin ya biya. Idan waɗannan sun yi daidai, yawan awanni dalili ne na neman ragi kawai.