Ƙwayar Cutar Lassa

Ƙwayar cutar Lassa bairas ce daga dangin Arenabairas, ita ce ke haddasa zazzaɓin Lassa. Ta ci sunan garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, inda ciwon ya kama wata ma'aikaciyar jinya ta mishan a 1969. A Jami'ar Yale ta Amurka aka fara ware ƙwayar. Mazauninta wani ɓera ne mai yawan nonuwa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis. Yana yawo da ita lafiya lau, yana zubar da ita a fitsari da kashi. Sunan dangin kuwa daga kalmar Latin ta yashi ya fito, domin a madubin lantarki ana ganin cikinta da ɗige-ɗige kamar an barbaɗa rairayi.

Kayan gininta ba su da yawa: zaren RNA biyu da furotin huɗu, wato NP, L, Z da GPC. Furotin NP shi ke naɗe zaren RNA daga farko har ƙarshe, kuma sai a naɗen ne L ke iya kwafarsa. Binciken siffar NP da aka buga a 2010 da 2011 ya nuna yana da aiki na biyu. Duk lokacin da ƙwayar ke hayayyafa takan bar guntayen RNA mai tufka biyu, alamar da garkuwar jiki ke gane baƙo da ita. NP yakan bi ya cinye guntayen, kamar ɓarawon da ke share sawunsa, sai jiki ya makara wajen farga. A furotin huɗun, babu wanda ya kai shi wayo.

Rigar ƙwayar ta waje maiƙo ce mai ninki biyu, kuma ta aro ce. Ƙwayar ba ta ƙera maiƙo, sai dai Z ya tunkuɗo ta waje ta yago wani yanki na fatar tantanin da ta shiga, ƙayoyin GPC na tsattsaye a kai. Sabulu da sifirit da ruwan kulorin duk suna lalata wannan riga, idan ta yage kuma ƙwayar ba ta iya shiga wani tantanin.

A watan Janairun 2020 zazzaɓin ya yi ajalin likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke birnin Kano a kan titin Zariya, tsakanin Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku. Ciwon kan ɗauki kwana 2 zuwa 21 kafin ya bayyana, farkonsa kuma da wuya a bambance shi da zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Gwajin PCR ne ke raba gardama: a ɗiga wa jini sinadarin da zai fasa rigar maiƙon ya kuma ɓamɓare NP daga zaren, a juya RNA ɗin zuwa DNA, sannan a riɓanya shi har na'ura ta gan shi.