Gidan Zu: Daga Ina Ya Samo Asali, Kuma Me Ya Rage Wa Ɗan Damagaram Ya Gani?

Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin namun daji a ajin firamare a wannan yanki namu na Matamaye ya san yadda abin yake. Za ka zana giwa a allo, yara su yi dariya, su ce kunnen ya yi yawa. Sun san kura a tatsuniya, sun san wautarta da kwaɗayinta, sun san zaki manyan dawa, amma a cikin aji mai yara sittin da wuya ka sami biyu da suka taɓa ganin ɗayansu da ido. Kakanninsu kuwa da kukan kura suke kwana. Wannan giɓi ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin gidajen ajiye namun daji, musamman guda biyu da suka shafe mu: na Kano da na Yamai.

Ajiye naman daji tsohuwar al'adar sarakuna ce, kuma da farko ba don ilimi ake yi ba, don nuna isa ne. A shekarar 1826 mai mulkin Masar, Muhammadu Ali, ya aika wa sarkin Faransa Sharl na Goma kyautar raƙumar dawa. An sauke ta a Marsai, sannan aka tako da ita a ƙasa har Faris, tafiyar kwana 41, kusan nisan Damagaram zuwa Yamai. Ta isa a 1827, mutanen birnin suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Shekara guda bayan haka, a 1828, aka buɗe gidan zu na Landan, amma sai ƴan ƙungiyar masana ke shiga. Talaka bai sami damar biyan kuɗi ya shiga ba sai 1847. A nan ne kuma aka fara gidan kallon kifi na jama'a a 1853, inda ake zuba ruwa cikin akwatunan gilashi ana kallon kifin yana iyo. A nahiyarmu, na Giza da ke Masar ya buɗe tun 1891.

Akwai ɓangaren tarihin da bai kamata malami ya ɓoye wa ɗalibai manya ba. Daga 1877 wani lambun dabbobi a Faris ya shiga baje kolin mutane, ƴan Afirka da wasunsu, ana kafa musu bukkoki a bayan shinge ana kallonsu kamar yadda ake kallon birai. Abin ya ɗauki shekaru da dama. Babban bikin baje kolin ƙasashen mulkin mallaka na 1931 ma ya haɗa da wurin dabbobi na wucin gadi, kuma karɓuwar da ya samu ce ta haifar da gidan zu na Bansen a 1934. Wato a idon mai mulkin mallaka, mu da namun dajinmu duk kayan kallo ne.

Shi ya sa nake ganin abin da aka yi a Yamai a 1959 ya cancanci a tsaya a kansa. A wannan shekara, saura ƴan watanni a sami ƴancin kai, aka buɗe gidan tarihi na ƙasa, wanda yau ke ɗauke da sunan Bubu Hama. Bubu Hama malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa, ya fito daga makarantar horon malamai ta Wiliyam Ponti, kuma ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa juyin mulkin 1974. Shi ne ya tsaya wa aikin, tare da wani masanin tarihi Bature mai suna Pablo Tuse wanda ya zama daraktan farko. Tunanin malami ya bayyana a tsarin wurin. Ba a ware dabbobi gefe guda, al'adu gefe guda ba. A fili ɗaya yaro zai ga zaki da kura da dorina da kada, ya ga tufafin sarakuna da kayan kiɗa, ya ga samfurin ɗakin Bahaushe da na Bazabarme da tantin Buzu, ya ga maƙera da dukawa da masaƙa suna aikinsu a gabansa. Can kuma ga ƙasusuwan wani ƙaton kada da aka tono a Gadufawa ta jihar Agadas, wanda masana suka ƙiyasta ya rayu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, ga kututturen itaciyar Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973. Ɗan ƙasa ne ake nuna wa ƙasarsa, ba baƙo ake nuna wa shi ba.

Sai dai Yamai ta yi mana nisa. Kilomita wajen 900 ne daga Damagaram, kuma babu makarantar ƙauye da za ta iya ɗaukar nauyin wannan tafiya. Ga mutumin Dungu ko Kance ko Matamaye, gidan zu shi ne na Kano: ka bi ta Ɗan Barto, ka ratsa Daura da Kazaure, kafin azahar kana Titin Gidan Zu.

Gwamnan farko na jihar Kano, kwamishinan ƴan sanda Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina shi, aka buɗe a 1972, kuma sunansa wurin ke ɗauke da shi. Ba shi ne na farko a Nijeriya ba, don na jami'ar Ibadan da na Jos sun girme shi. Amma Audu Baƙo mutum ne mai hangen nesa. Shi ne dai ya gina madatsun ruwa na Tiga da Bagauda. Lokacin da aka yanki filin, wajen gari ne. Yau birni ya haɗiye shi, shaguna da gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, ya zama ɗaya daga cikin ƴan wuraren da suka rage a Kano masu manyan itatuwa da inuwa. Ranar sallah kuwa ba masaka tsinke.

Abin takaici, abin da duniya ta fi sani game da gidan a ƴan shekarun nan ba ilimi ba ne. A watan Yunin 2019 labari ya bazu cewa goggon biri ya haɗiye kuɗin shiga na bikin sallah, naira kusan miliyan 7. Gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu ma irin wannan biri a gidan. A watan Oktoban shekarar kuma zaki ya kuɓuce daga kejinsa, unguwannin kewaye suka kwana cikin zullumi, aka same shi a wurin awaki ya yi musu ɓarna kafin a mayar da shi. Daga baya gwamnati ta yi maganar mayar da gidan Tiga, mutane da yawa suka nuna rashin yarda, suna tsoron kada filin ya koma kantuna. An yi ta raha da waɗannan labarai a Facebook, amma ni abin da na gani a ciki shi ne wurin da aka gina don ilimi ya koma wurin tara kuɗin ƙofa kawai.

To, ko akwai amfanin kulle dabba a keji? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ɗalibai masu kaifin hankali suna yin ta. Zakin da ke kai da komo cikin ɗaki mai taku goma ba zai koya wa yaro yadda zaki ke rayuwa ba. Abin da zai iya koya masa shi ne jifa da tsokana, idan babba bai hana ba. Mu ma muna da namu salon, na gardawa masu wasa da kura da birai da macizai a kasuwanni, kuma kowa ya ga takunkumi da sanda ya san yadda ake samun wannan ladabi. Amma ga ɗaya ɓangaren. Mariri, wanda ya taɓa cika dajin arewacinmu, an bayyana a shekarar 2000 cewa ya ƙare a daji. Waɗanda suka rage a gidajen zu da wuraren kiwo na ƙasashen waje su aka tara, aka fara sakinsu a Cadi a 2016, kuma yanzu suna haihuwa a can. Da ba a kulle kakanninsu ba, da sai dai a hoto.

Irin wannan aiki ana yin sa a jiharmu, ko da yake kaɗan daga cikinmu suka sani. A Kelle, ta wajen Gure, akwai wurin kiwon jimina mai jan wuya don a mayar da ita daji. Ku tuna fa, gashin jimina na cikin manyan hajojin da ayarin Damagaram ke kaiwa Tarabulus a zamanin Sarki Tanimun. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu har zuwa 49 a 1996. Da aka kare su suka haura 600, kuma a 2018 aka ɗauki takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Gandun Tarmit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012, wani ɓangarensa a cikin jihar Damagaram yake. Sau nawa waɗannan sunaye ke fitowa a bakinmu cikin aji?

Tafiya Kano ma yanzu ba abin dogaro ba ce kamar da. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ga tsadar mota. Duk da haka, iyayen da harka ke kai su Kano, don Allah ku riƙa ɗaukar yaro ɗaya ko biyu, ku guji ranar sallah, ku je da safe lokacin da dabbobin ba su kwanta ba. Malami kuma kafin tafiya ya aiki yaran wurin tsofaffin mafarautan garinsu, su rubuto sunayen namun da aka taɓa gani a dajin Korama: gada, barewa, gwanki, mugun dawa, dila, beguwa, tunku. A bakin kowane keji sai yaro ya duba takardarsa, ya sa alama a gaban wanda ya gani, ya tambayi mai gadi abin da dabbar ke ci da inda aka kawo ta.