Tarihin Kula da Hanyoyin Ruwa a Gidan Ƙasa na Karkarar Hausa

Gidan ƙasa, wato wanda aka gina da tubali da jar ƙasa aka rufe da azara, ya daɗe a ƙasar Hausa ne bisa wata ƙa'ida da magina suka gada kaka da kakanni, ita ce kada a bar ruwa ya kwana a jikin gini. Tun kafin bututu da famfo su iso karkara, kowane gida yana da hanyoyin da ruwa yake bi ya shigo da waɗanda yake bi ya fita, kuma kowace hanya tana da lokacin gyaranta da wanda alhakin gyaran ya rataya a wuyansa. Wannan tsari na kulawa shi ne ya fi raunana sa'ad da kayan zamani suka shigo, kuma daga rauninsa ne yawancin matsalolin ruwa na tsofaffin gidaje suka samo asali.

A kan soro aikin yake farawa. Magina sukan ɗan karkata rufin domin ruwan sama ya gangara zuwa indararo, wato makwararin da ke fitowa ta jikin katanga ya zubar da ruwa nesa da gindinta, wanda a da ake fafe shi daga itacen giginya ko a gina shi da yumɓu a gasa, daga baya kuma aka koma yin sa da kwano. Masu hali sukan shafe rufin da laso, wani haɗi da ake yi da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin karofin marina, da gashin jima da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi, yayin da katanga kan sami makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake dawwama, saboda haka da bazara ta kama, kafin ruwan farko ya sauka, sai maigida ya hau soro ya cire ciyawa da sheƙar tsuntsu daga bakin indararo, ya cike duk tsagar da rana ta yi, domin ya san cewa indararon da ya toshe a lokacin marka yakan tara ruwa a kan rufi har ƙasar ta jiƙe ta yi nauyin da azara ba za ta iya ɗauka ba.

A tsakar gida kuwa, daɓe ne yake kai ruwan sama da na wanke-wanke zuwa rariya, wato ƙaramar kafar da ake bari a gindin katanga domin ruwa ya fice zuwa kwararo, daga nan ya gangara kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin unguwa a cikinsa. Rariya takan toshe da toka da ƙaiƙayi da guntun tsumma, kuma alamar toshewarta ba ta ɓuya, gama sai a ga ruwa ya kwanta, gindin katanga ya yi duhu, sa'an nan ƙasar ta soma ɓarɓashewa tana barin rami kamar an kwarfe ta da hannu. Matan gida su ne suka fi lura da wannan, su ne kuma suke zura kara su buɗe kafar tun ɓarnar ba ta yi nisa ba, maza kuma su biyo da yaɓe.

Rijiya da masai su ne sauran sassan tsarin. Rijiyar cikin gida ta sauƙaƙa wa matan da ke cikin kulle, amma tana buƙatar yasa, wato a shiga a kwashe laka da yashi da duk gugan da ya tsinke ya faɗa, aikin da akan yi a ƙarshen rani sa'ad da ruwa ya ja baya. Masai kuwa, wanda wasu ke kira shadda ko salga, rami ne mai zurfi da ake rufewa da itace da ƙasa, kuma babban haɗarinsa biyu ne: ruftawa idan ruwan wanka ya ci itacen, da kuma tsatstsafowar ƙazanta zuwa rijiya idan sun yi kusa, abin da ya sa masana lafiya a yau suke shawartar a bar tazarar kimanin mita 30 a tsakaninsu.

Zamanin Turawa ya kawo duba-gari, ma'aikatan tsafta masu shiga gidaje suna leƙa randa da masai, ya kuma kawo ruwan famfo birnin Kano daga kogin Challawa a farkon shekarun 1930, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Karkara ba ta sami ruwan famfon ba, abin da ya iso mata shi ne rijiyar kankare da hukumar En'e ke haƙawa. Sai bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, musamman kuma bayan kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986, rijiyar burtsatse mai famfon tuƙa-tuƙa ta yaɗu a ƙauyuka. Amfaninta a bayyane yake, domin tsabtataccen ruwa yana cikin abubuwan da suka kawar da kurkunu, cutar da aka ƙidaya masu ita fiye da 650,000 a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. Sai dai famfon ya zo da robobi masu cinyewa da bututun ƙarfe masu tsatsa, waɗanda babu magini ko mahaƙin rijiya da ya gaji sanin gyaransu, shi ya sa da yawa suka tsaya cik.

Haka abin ya kasance sa'ad da aka ja bututu cikin gidan ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne binne shi a cikin katanga ko a gindinta, inda mahaɗar da gam ɗinta ya saki za ta yi watanni tana ɗiga ba wanda ya sani, sai ranar da bango ya tsage. Yaɓen siminti a kan tubali ya ƙara wa matsalar nauyi, domin yana hana danshi fita, ƙasar ta narke a bayansa alhali fuskarsa tana nan sumul. Kan famfon da robarsa ta cinye yakan mai da tsakar gida dausayi rani da damina, ramin sokawe da aka haƙa kusa da harsashi kuma yakan sa ɗaki ya zauna.

Tsohon tsari ya yi ƙarko ne saboda hanyoyinsa a buɗe suke, ɓarnarsu ana ganinta da ido, lokacin gyaransu kuma sananne ne ga kowa. Gidan ƙasa yana iya ɗaukar famfo lafiya idan aka bar bututu a fili, aka nisanta magudana da sokawe daga gindin gini, aka kuma sa duba mahaɗa da kan famfo cikin ayyukan bazara tare da yaɓe da yasar rijiya. Inda aka yi haka gidan yakan kai ga jikoki, inda aka yi sakaci kuwa damina kaɗan ta isa ta kai shi ƙasa.