Matar da tarihin ɗumamar yanayi ya manta da ita

1/ Jiya ina karatun jarabawa na ci karo da sunan Eunice Foote. Shekarata uku a jami'a, wallahi ban taɓa jin ta ba. Ku biyo ni.

2/ A 1856, a Amurka, ta samo tulunan gilashi ta saka ma'aunin zafi a ciki. Ɗaya ta cika shi da iskar da muke shaƙa, ɗaya da kabon dayoksaid, ta ajiye su a rana.

3/ Mai kabon ɗin ya fi ɗaukar zafi, kuma ya fi daɗewa bai huce ba. Sai ta ce in wannan iskar ta yawaita a sama, duniya za ta ƙara zafi.

4/ A taron masana na Albany, namiji ne, Joseph Henry, ya karanta takardarta.

5/ A 1859 John Tyndall ya nuna a Landan cewa iskar tana tsotse zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Gaskiya aikinsa ya fi zurfi, amma ita ta riga shi. Sai bayan shekaru masu yawa aka tono sunanta.

6/ Kuna son hujja? Duniyar Zahra kusan kashi 96 na iskarta kabon ne. Zafinta wajen digiri 465, ta fi Makyuri da ke kusa da rana.

7/ Namu fa? A 1958 kabon ɗin kashi 315 ne cikin miliyan. Yau ya haura 420. Tun 1856 baiwar Allah nan ta faɗa.