Faith Kipyegon: 'Yar Kenya da ta mamaye tseren mita 1,500

Faith Chepngetich Kipyegon 'yar tsere ce daga ƙasar Kenya wadda ta shahara a gudun matsakaicin zango, musamman mita 1,500. Ita ce mutum na farko, a maza da mata, da ya ci lambar zinare sau uku a wannan tsere a gasar Olamfik: a 2016, da 2021, da kuma 2024. Ta kuma zama zakarar duniya a kansa sau huɗu, kuma ita ce mace ta farko da ta kammala shi cikin ƙasa da minti 3 da daƙiƙa 50. Abin da ya fi jan hankali a tarihinta shi ne mafi yawan waɗannan nasarori sun zo ne bayan ta haihu, lokacin da a da ake ɗauka cewa 'yar wasa ta gama yayinta ke nan.

Tseren mita 1,500 zagaye uku ne da kashi uku cikin huɗu na filin tsere mai tsawon mita 400. Ana lissafa shi tare da mita 800 da mil ɗaya a rukunin matsakaicin zango. Wahalarsa ita ce yana neman abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa a jiki ɗaya ba, wato dogon numfashin mai gudun nesa da zafin ƙafar mai gajeren zango. A gasar neman lamba kuwa, akwai dabara: sanin inda za a tsaya a cikin ayari, da lokacin da ya dace a ɓalle.

Tasowarta

An haife ta ranar 10 ga Janairu, 1994, ta kuma tashi a ƙauyen Ndabibit da ke gundumar Nakuru, a yankin Rift Valley mai tuddai inda akasarin manyan 'yan tseren Kenya suka fito. Ita ce ta takwas cikin 'ya'ya tara. Mahaifinta ya taɓa gudun mita 400 da 800 a ƙuruciyarsa, yayarta Beatrice Mutai ma 'yar tseren dogon zango ce. Ƙwallon ƙafa ta fara bugawa a makaranta, sai tana da shekara 14 ta koma gudu.

Duniya ta fara saninta a 2010, a gasar tseren ƙetare daji ta duniya da aka yi a Bydgoszcz na ƙasar Poland. Tana da shekara 16, ta yi gudun ba takalmi a ƙafarta, ta zo ta huɗu a ajin matasa. Shekara guda bayan haka ta lashe gasar a Punta Umbría ta ƙasar Sifaniya, nan ma ƙafa ba takalmi, sannan ta sake lashe ta a 2013. A tsakanin nan ta ci mita 1,500 a gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 18 a birnin Lille a 2011, da ta 'yan ƙasa da 20 a Barcelona a 2012. Ta je Olamfik ta Landan a wannan shekarar, amma aka fitar da ita tun a zagayen farko.

Daga nan ta riƙa hawa sannu a hankali: ta biyar a gasar duniya ta Mosko a 2013, zinare a gasar ƙasashen Commonwealth a Glasgow a 2014, sai azurfa a gasar duniya ta Beijing a 2015, a bayan Genzebe Dibaba ta Habasha.

Rio da Landan

A lokacin Dibaba ce ke riƙe da kambun. A watan Yulin 2015 ta yi gudun cikin minti 3 da daƙiƙa 50.07 a Monaco, ta karya tarihin da Qu Yunxia ta ƙasar Sin ta kafa tun 1993. Don haka ita aka fi sa wa ido a wasan ƙarshe na Olamfik ta Rio de Janeiro a 2016. An fara tseren a hankali ƙwarai, kowa na jiran kowa, sai a rabi na biyu gudun ya kankama. Kipyegon ta bi sawun Dibaba, ta wuce ta a zagayen ƙarshe, ta gama a minti 4 da daƙiƙa 8.92. Mita 800 na ƙarshe ta cinye su cikin ƙasa da minti biyu, abin da ko a tseren mita 800 kansa ba ƙaramin gudu ba ne.

A lokacin babu wutar lantarki a ƙauyensu, kuma nasarar ce ta jawo aka kai wutar Ndabibit jim kaɗan bayan gasar. A 2017 ta ƙara da zinaren gasar duniya a Landan, inda ta sha gaban Jenny Simpson ta Amurka da Caster Semenya ta Afirka ta Kudu.

Haihuwa da dawowa

Tana da shekara 23, tana riƙe da kambun Olamfik da na duniya, sai ta ajiye gudu domin ta haihu. Mijinta, Timothy Kitum, shi ma ɗan tsere ne, wanda ya ci tagulla a mita 800 a Olamfik ta Landan. Ta haifi 'yarta Alyn a watan Yunin 2018 ta hanyar tiyata.

Shawarar tana da haɗari. Shekarun ganiyar 'yar tsere kaɗan ne, kuɗin shigarta kuma ya dogara ne a kan gasa da kwantiragin kamfanonin kayan wasa. Shekara biyu a wajen fili na iya sa a manta da mutum, kuma tiyata tana taɓa naman ciki, wanda shi ne ke riƙe jikin mai gudu. Da ta tashi dawowa, sai ta koma sansanin horo na Kaptagat, wanda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400 daga doron teku, ƙarƙashin Patrick Sang, mai horar da Eliud Kipchoge, gwarzon tseren marathon. A can ta shiga cikin masu gudun nesa, ta ƙara yawan tafiyar da take yi a mako, abin da ya ba ta ƙarfin numfashin da ya bayyana daga baya.

Gasarta ta farko ita ce Prefontaine Classic a Amurka a ƙarshen Yunin 2019, shekara guda bayan haihuwa, ta kuwa ci. A gasar duniya ta Doha a wannan shekarar ta zo ta biyu a bayan Sifan Hassan ta Holan, da minti 3 da daƙiƙa 54.22, lokacin da ya fi duk wanda ta taɓa yi kafin ta haihu. Wannan azurfa ita ce karo na ƙarshe da aka kayar da ita a wasan ƙarshe na mita 1,500 a Olamfik ko gasar duniya har zuwa 2025.

A Olamfik ta Tokyo, wadda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2021, ta rama. Hassan ta ja ragamar tseren, Kipyegon ta wuce ta a zagayen ƙarshe, ta kafa sabon tarihin Olamfik na minti 3 da daƙiƙa 53.11. Laura Muir ta Birtaniya ta zo ta biyu, Hassan ta uku. A 2022 ta karɓo kambun duniya a Eugene, sannan a Monaco ta yi minti 3 da daƙiƙa 50.37, wato kashi uku cikin goma na daƙiƙa ɗaya ne kawai ya raba ta da tarihin Dibaba.

Shekarar 2023

Cikin mako bakwai ta kafa tarihin duniya uku. Ranar 2 ga Yuni, a birnin Florence na Italiya, ta yi mita 1,500 cikin minti 3 da daƙiƙa 49.11. Zagayen ƙarshe ita kaɗai ta yi shi, ba kowa kusa da ita, kuma da ta gama, waɗanda ta kayar ne suka fara zuwa suka rungume ta. Mako guda bayan nan, a Paris, ta shiga mita 5,000, zangon da ta yi shekaru ba ta taɓa ba, ta gama a minti 14 da daƙiƙa 5.20, a gaban mai riƙe da tarihin a lokacin, Letesenbet Gidey ta Habasha. Ranar 21 ga Yuli kuma, a Monaco, ta yi mil ɗaya cikin minti 4 da daƙiƙa 7.64, ta rage kusan daƙiƙa biyar daga tarihin Hassan. A watan Agusta ta lashe mita 1,500 da 5,000 a gasar duniya ta Budapest, ta zama mace ta farko da ta haɗa su biyun a gasa ɗaya. Tarihin mita 5,000 bai daɗe a hannunta ba, domin Gudaf Tsegay ta Habasha ta karɓe shi a watan Satumba. A gida, gwamnatin Shugaba William Ruto ta ba ta kyautar kuɗi da gida.

Akwai masu cewa sabbin takalma masu ɗauke da soso na musamman, da fitilun da ke gudana a gefen fili suna nuna wa 'yar tsere saurin da ake so, sun taimaka wa lokutan wannan zamani. Maganar na da tushe, domin an karya tarihi da dama tun bayan shigowarsu. Sai dai abokan karawarta ma irin waɗannan takalma suke sawa, kuma a Olamfik da gasar duniya babu fitilu, babu masu jan gudu, a can ma ita ke ci.

Paris da bayanta

A ranar 7 ga Yulin 2024 ta sake rage tarihinta zuwa minti 3 da daƙiƙa 49.04 a Paris. Olamfik da ta biyo baya a wannan birni ta fara mata da tangarɗa. A mita 5,000 ta zo ta biyu a bayan 'yar ƙasarta Beatrice Chebet, sai alƙalai suka soke sakamakonta bisa zargin ta tare wa Tsegay hanya. Kenya ta ɗaukaka ƙara, aka mayar mata da azurfarta. Kwana biyar bayan haka ta ci zinarenta na uku a mita 1,500, da minti 3 da daƙiƙa 51.29, sabon tarihin Olamfik. Kafin ita, sau biyu ne iyakar abin da wani ya taɓa ci, kamar Tatyana Kazankina ta Tarayyar Sobiyet da Sebastian Coe na Birtaniya.

Ranar 26 ga Yunin 2025 kamfanin Nike ya shirya mata wani yunƙuri na musamman a filin Charléty na Paris, domin ta zama mace ta farko da za ta yi mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu, shingen da Roger Bannister ya fara ƙetarewa a ɓangaren maza a 1954. An kewaye ta da masu jan gudu, akasarinsu maza, domin su kare mata iska, an kuma yi mata riga da takalma na musamman. Ta gama a minti 4 da daƙiƙa 6.42. Wannan ya fi tarihinta sauri, amma ba a lissafa shi a hukumance saboda yadda aka tsara gudun, kuma tazarar daƙiƙa shida da ta rage, a irin saurin da take yi, ta kai kimanin mita 40.

Kwana tara bayan nan, a Eugene, ta sake karya tarihin mita 1,500 da minti 3 da daƙiƙa 48.68. A watan Satumba ta lashe kambun duniya karo na huɗu a Tokyo, inda ta yi daidai da Hicham El Guerrouj na Maroko, wanda shi ma sau huɗu ya ci wannan tsere a ɓangaren maza. A mita 5,000 kuwa, Chebet ta sake shan gabanta, ta koma gida da zinare ɗaya da azurfa ɗaya.