Maganar wa za a ɗauka? Tarihin majalisar Lutharawan Numan

Duk ƙungiyar da ta yi tsawon rai, ta addini ce ko ta al'adu, akwai ranar da tilas ta zauna ta amsa tambaya guda: idan ra'ayi ya rabu, maganar wa za a ɗauka? Ta wanda ya kafa ta, ta mai kawo kuɗi, ko ta masu rinjaye? A garin Numan na jihar Adamawa ta Nijeriya, inda kogin Gongola ke zuba cikin Binuwai, akwai wata ikilisiya da ta yi shekaru fiye da 100 tana fama da wannan tambaya. Ita ce Ikilisiyar Kristi ta Lutharawa a Nijeriya, wadda aka sani da LCCN, mai mabiya sama da miliyan 2. Tarihinta ya cancanci nazarin malamai da shugabannin ƙungiyoyi, ko da ba addininsu ba ne, don kuwa tarihi ne na yadda iko ke fita daga hannu ya koma wani hannu.

Tushen maganar yana can Jamus. A shekarar 1523 Martin Luther ya rubuta wani ɗan littafi inda ya nuna cewa taron masu bi yana da ikon auna koyarwar da ake yi masa, ya kira malami, ya kuma sauke shi in ya kauce. Shekaru 7 bayan haka, a 1530, aka gabatar wa sarki Charles na 5 takardar shaidar bangaskiya ta Augsburg. Sashe na 7 na takardar ya nuna cewa abin da ke haɗa ikilisiya shi ne yarda a kan bishara da kuma baftisma da jibin Ubangiji. Tsare-tsaren da mutane suka ƙaga kuwa ba lalle su zama iri ɗaya a ko'ina ba. Sashe na 14 ya ce kada kowa ya yi wa'azi a bainar jama'a sai an kira shi bisa ƙa'ida. Ke nan Lutharawa sun gaji ƙa'idar kira da zaɓe, amma ba su gaji tsarin mulki guda da ya hau kan kowa ba. Shi ya sa wasu ƙasashe suka riƙe bishop, wasu suka ɗora komi a kan majalisa.

Danmak, ƙasar da masu wa'azin Numan suka fito, ta karɓi koyarwar Luther a 1536, zamanin sarki Christian na 3. Ikilisiyarta tana da bishop-bishop, amma ba ta da babban bishop, ba ta kuma da majalisar ƙasa tata ta kanta. Majalisar dokokin ƙasar ce ke yi mata doka. Abin da take da shi tun 1903 shi ne ƙananan majalisun unguwa, waɗanda mabiya ke zaɓa. Masu aikin mishan kuwa ƙungiyoyin sa-kai ne, masu kwamiti da ma'aji da taron shekara. Wannan tsari na kwamiti ne aka fara kawowa bakin Binuwai.

A 1911 aka kafa reshen Danmak na mishan ɗin SUM, wanda Karl Kumm ya assasa a 1904. Kada mai karatu ya haɗa shi da SIM, wanda ya yi aiki a Damagaram da Tsibiri da Galmi. Ƙungiyoyi biyu ne dabam. Likita Niels Brønnum ya sauka Numan a watan Oktoba na 1913. Da yake Turawan mulkin mallaka na Ingila suna taƙaita shigar mishan cikin garuruwan sarakunan Musulmi, sai aikin ya kafu tsakanin Bachama, daga nan ya bazu zuwa Mbula da Lunguda da Chamba da Kilba da sauransu. An yi baftisma ta farko a 1916. Amma fiye da shekaru 30 iko na hannun taron ƴan mishan da kwamitinsu na Danmak, wanda ke aiko da kuɗi da ma'aikata. Ƴan ƙasa su ne malaman makaranta da masu bishara na ƙauyuka, su ke ɗauke da nauyin aikin, amma ba su ke yanke shawara ba. Sai a 1948 aka naɗa fastoci 5 na farko daga cikinsu.

Akwai wata matsala da ta riga ta mulki, wato ta harshe. Yaya ɗan Bachama da ɗan Kilba da ɗan Chamba za su zauna su yi muhawara, alhali kowa da harshen da ya tsotsa? Hausa ce ta warware wannan ƙulli. Ba harshen uwa ba ne ga mafi yawansu, kuma wannan ya taimaka, don babu wata ƙabila daga cikinsu da za ta ce nata ne. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen ya ƙara samun gindin zama a makarantun bishara da manyan taruka. Sunan da ikilisiyar ta ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 ma na Hausa ne: Ekklesiyar Kristi a Sudan, ta Lutharawa. Haka kuma tarayyar da ta shiga a 1955 tare da sauran ikilisiyoyin da SUM ta haifa, wato TEKAS, wadda daga baya ta koma TEKAN da aka maye Sudan da Nijeriya.

A 1956 ikilisiyar ta tsaya da ƙafafunta, amma shugabanta na farko ɗan Danmak ne, Pilgaard Pedersen. A 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka samu ƴancin kai, aka zaɓi Akila Todi, ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. Shekara guda bayan haka ikilisiyar ta shiga Tarayyar Lutharawa ta Duniya da sunanta, ba a inuwar mishan ba. Tsarin da aka gina hawa-hawa ne: dattawan kowace majami'a a ƙasa, sai gunduma, sai yanki, sannan Babbar Majalisar Ikilisiya, wadda ita ce ke da magana ta ƙarshe. A cikinta fastoci da wakilan mabiya ke zama tare, su zaɓi shugabanni, su duba kuɗi, su gyara tsarin mulki. Masanin tarihi Niels Kastfelt, a littafinsa na 1994, ya nuna yadda mutanen da makarantu da tarukan mishan suka horar a Adamawa suka zama jagororin siyasar ƙananan ƙabilu a shekarun 1950. Wanda ya koyi rubuta rahoton taro da ƙidayar ƙuri'a a majami'a, bai sha wuyar yin haka a jam'iyya ba.

Sai dai majalisa takan zauna ta watse, shugaba kuwa kullum yana ofis. A nan ne ake gane ƙarfin tsari ko rauninsa. A 1973 aka canza sunan muƙamin shugaba zuwa bishop, Akila Todi ya zama na farko. Ba a rushe majalisa ba. Bishop ɗin zaɓaɓɓe ne, a ƙarƙashin tsarin mulki. Duk da haka suna yana da nauyi. Shugaban taro ɗaya ne daga cikin ƴan'uwansa, bishop kuwa yana da sanda da kujera da keɓewa ta musamman, kuma jama'ar da ta saba da sarauta ba ta rasa ganin kamannin.

David Windibiziri ya gaje shi a 1987. A zamaninsa ikilisiyar ta yi girman da mutum ɗaya ba zai iya kewaya ta ba, ta kuma bi ƴaƴanta zuwa manyan birane. A tsakiyar shekarun 1990 majalisa ta yanke shawarar raba ta dayosis-dayosis, kowace da bishop ɗinta, Windibiziri ya zama babban bishop na farko. Hujjar a fili take: a kusantar da shugabanci ga jama'a. Amma shawarar ba ta samu karɓuwa ga kowa ba. Wani ɓangare ya ƙi tsarin dayosis, aka yi shekaru ana ja-in-ja a kansa. Ba a kan bishara aka saɓa ba, a kan tsari ne, abin da takardar Augsburg ta ce ba shi ke haɗa ikilisiya ba. Dalili kuwa, duk iyakar da aka ja a ƙasa mai ƙabilu da yawa tana ta da tambayoyi: ina za a aje hedkwata, wa zai riƙe baiko da gine-gine, wace al'umma ce za ta wayi gari ta zama ƴar tsiraru? Ƙuri'ar masu rinjaye tana iya zartar da doka, amma ba ita kaɗai ke sa wanda aka kayar ya zauna cikin gida ba.

Tsarin dai ya tsaya, yawan dayosis ya ƙaru, kuma kujerar ta ci gaba da sauya hannu ta hanyar zaɓe. Nemuel Babba ya hau a 2002, Musa Panti Filibus ya gaje shi a 2017. A watan Mayu na wannan shekara, a birnin Windhoek na Namibiya, babban taron Tarayyar Lutharawa ta Duniya ya zaɓi Filibus shugabanta, ɗan Afirka na biyu bayan Josiah Kibira na Tanzaniya, wanda aka zaɓa a 1977. Da wa'adinsa ya cika a watan Satumba na 2023, a birnin Krakow, wanda ya miƙa wa ragamar shi ne Henrik Stubkjær, bishop daga Danmak. Shekaru 110 bayan saukar Brønnum, ɗan ikilisiyar Numan ne ya sauka daga kujera ɗan Danmak ya hau, kuma dukansu biyu ƙuri'a ce ta ɗora su.

Mai kula da ƙungiyar malamai ko ta raya al'adu zai ga fuskar tasa ƙungiyar a wannan madubi. An ɗauki shekaru 35 kafin a naɗa fasto ɗan ƙasa, da wasu 12 kafin a ba ɗan ƙasa shugabanci, don mai kawo kuɗi ba ya saurin sakin linzami. Harshen da kowa ke ji ya buɗe wa kowa ƙofar magana. Sannan shawarar da ta fi girgiza gidan ba ta fito daga baƙi ba, daga majalisar ƴan gida ta fito, bisa ƙa'ida. Rubutaccen tsarin mulki yana faɗin wanda zai yanke shawara. Sauraron waɗanda shawarar za ta taɓa, tun kafin a ɗaga hannu, wannan aikin masu zaman majalisar ne.