Furar Tasawa da Hatsin da Ake Yin Ta

Idan aka ajiye wa Bafaranshe ruwan inabi, yakan tambayi irin inabin da ƙasar da ya tsira a cikinta kafin ya zaɓi abincin da zai ci da shi. Tun 1935 ma Faransa ta kafa dokar da ke kare sunan abin shan kowane yanki. Mu addini ya raba mu da giya, amma iyayenmu na Tasawa da Mayahi suna da irin wannan sani a kan fura, wadda a bakinmu muke cewa hura. Wannan sanin ne nake tsoron yana kuɓuce mana.

Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne daga Tasawa har bakin Gulbin Kaba, kuma abin da ya fi yarda da ita shi ne gero, wanda mu nan hatsi kawai muke ce masa. Hatsin nan ne ya jawo mana ayarin Azbinawa. Sukan sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi. Tare da irin wannan ayari ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Tasawa a watan Janairun 1851, ya tarar da gari mai kasuwa a kan hanyar Kano.

Tsofaffi ba sa ɗaukar hatsi abu ɗaya. Akwai zango mai dogon kai, wanda aka san ƙasar Maraɗi da shi. Akwai ankutes na wajen Damargu, gajere mai kauri. Akwai maiwa, wadda ba ta nuna sai damina ta ja baya. Mace takan tauna ƙwayar a kasuwa ta gane na bana ne ko tsohon rumbu, ta san wanda zai yi danƙo a turmi.

Aikin kuwa ba na gaggawa ba ne. A surfa, a wanke, a daka da citta da kanunfari da barkono, a cura, a dafa, a kirɓa, a sake curawa, sannan a dama a ƙwarya da nonon Fulani. Dangantakar manomi da makiyayi ma a nan take: shanu su kwana a gona bayan girbi su bar taki, Bafulatana ta kawo nono ta karɓi hatsi.

Kowane abin sha kuma da abokin tafiyarsa. Fura ta rana ce, ita ake kai wa masu noma gona, tuwo da miyar kuka sai dare. Koko da ƙosai na safe ne, kunun tsamiya na buɗa-baki, kunun kanwa na mai jego.

Fari ne ya taɓa wannan tsari. Bayan yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984, manoma da yawa suka karkata ga iri mai saurin nuna kamar HKP, wanda cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ke yaɗawa. Ba a ga laifinsu ba, domin damina ta gajarta, kuma wanda rumbunsa ya ƙare ba ya zaɓen iri. Sai dai irin da aka daina shukawa, sunansa ma yakan bi shi.

Yau yaro zai lissafa maka lemukan kwalba biyar, amma ka tambaye shi hatsin da ke cikin furar da ya sha da rana, sai ya yi shiru. Malam, idan kaka ta yi, ka sa kowane ɗalibi ya kawo zangarniya ɗaya daga gonar gidansu, tare da sunan da kakarsa ke kiran ta da shi. A jera su a aji, a rubuta sunayen da garuruwan da suka fito. Iyaye kuma, ranar da za a kirɓa fura, a kira yaran bakin turmi.